Sunuka a Dutse: Yadda matasa ke koyon saiti daga bidiyon waya

Wasan sunuka ba baƙo ba ne a Dutse. Daga bayan La'asar zuwa dare, a rumfunan kwano da ke kusa da gidajen kallon ƙwallo da shagunan cajin waya, ana samun teburi mai koren ƙyalle, matasa sun kewaye shi suna jiran layi. Haka abin yake a Birnin Kudu da Kiyawa da Jahun da Gwaram.

Abin da ya sauya a 'yan shekarun nan shi ne hanyar koyo. A da, yaro yakan tsaya ne a gefe yana kallon gwanin unguwa, yana miƙa masa alli, har wata rana a ba shi sanda. Yanzu malamin yana cikin aljihu. Matashi zai buɗe YouTube ko TikTok ko Facebook, ya ga wani Ba'amurke ko Bature ɗan Ingila yana zana layuka a kan teburi, yana nuna inda za a auna ƙwallo ta faɗa rami.

Dutse ta zama babban birnin Jigawa a ranar 27 ga Agustan 1991. Zuwan Jami'ar Tarayya a 2011, ga kuma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta jiha, ya cika garin da ɗalibai masu manyan wayoyi. Irin waɗannan matasa ne suka fi tsayawa a bakin teburi da sanda a hannu ɗaya, waya a ɗaya hannun.

Shin lissafin da ke cikin bidiyon yana aiki a teburin rumfa? Amsar ta dogara da abin da mai koyo ya fahimta, da kuma irin teburin da ke gabansa.

Sunan sunuka, wasan kuma daban

Sunuka ta asali wasa ce da sojojin Birtaniya suka ƙirƙiro a garin Jabalpur na Indiya a wajajen 1875. Teburinta ƙafa 12 ne a tsawo, ƙafa 6 a faɗi, ƙwallayenta 22: jajaye 15, masu launi 6, da fara guda ɗaya. Ita ce wadda Ronnie O'Sullivan ya lashe kambunta na duniya sau 7, kuma ita ce Zhao Xintong ya ci a 2025, ɗan China na farko da ya yi hakan.

Wasan da aka fi bugawa a rumfunan Arewa shi ne wanda Turawa ke kira ful. Teburinsa ƙarami ne, galibi ƙafa 7 ko 8, ƙwallaye 15 da fara. Mutum ɗaya ya ɗauki lamba 1 zuwa 7, ɗayan ya ɗauki 9 zuwa 15, wanda ya gama nasa ya jefa baƙar lamba 8 shi ya ci.

Wannan bambanci yana da amfani ga mai neman bidiyo. Ƙwallon sunuka milimita 52.5 ce, ta ful ɗin Amurka kuwa ta ɗan haura milimita 57, bakin raminsu ma ba iri ɗaya ba ne. Darasin tsayuwa da riƙon sanda na masu koyar da sunuka irin su Barry Stark da Stephen Hendry yana amfanar kowa. Darasin lissafin gefen teburi kuwa, na ful ne ya dace da teburin Dutse.

Ƙwallon fatalwa

Dabarar farko da kusan kowane bidiyo ke farawa da ita ita ce ta ƙwallon fatalwa. Mai wasa zai ja layi a ransa daga tsakiyar rami, ya ratsa tsakiyar ƙwallon da yake so ya jefa, ya fito ta bayanta. A kan wannan layi zai ƙaddara wata ƙwallo da babu ita, manne da wadda zai jefa. Aikinsa shi ne ya aika farar ta zauna daidai gurbin wannan fatalwa.

Kuskuren sabon shiga shi ne ya auna tsakiyar farar zuwa wurin da yake so ƙwallayen su taɓa juna. Farar tana da faɗi, don haka gefenta zai riga isa, ta daki ƙwallon da kauri fiye da yadda ake so. Shi ya sa ake ganin yaro ya rantse ya saita daidai, amma ƙwallon ta bugi leɓen rami ta dawo.

Matsalar wannan dabara ita ce mutum yana auna abin da ba ya gani. Masu koyarwa kan ce a ajiye ƙwallo ta gaske a gurbin fatalwar, a koma bayan farar a kalli yadda hoton yake, sannan a ɗauke ta a buga.

Rabi, kwata, da uku bisa huɗu

Dabara ta biyu tana raba ƙwallo kashi huɗu. Idan mai wasa ya duƙa ya ga farar za ta rufe ɗayar gaba ɗaya, ƙwallon za ta tafi sak. Idan za ta rufe uku bisa huɗu, ƙwallon za ta karkace da kusan digiri 14. Idan rabi ce, digiri 30. Idan kwata ce, kusan digiri 49.

Bugun rabi ya fi sauƙin ganewa, domin bakin sanda yana ratsa tsakiyar farar ne ya nufi ƙarshen gefen ɗaya ƙwallon. Akwai abin kallo na zahiri, ba sai an yi ƙiyasi ba. Daga nan mai koyo ke auna saura: wannan ya fi rabi kauri, wancan ya fi shi siranta.

Akwai kuma tsarin da ake kira tsakiya-zuwa-gefe, wanda ake dangantawa da Hal Houle, wani Stan Shuffett kuma ya yaɗa shi a faya-fayen koyarwa. An daɗe ana muhawara a kansa a Amurka. Masu shi na cewa yana kai kowace ƙwallo rami, masu suka na cewa idon mai wasa ne ke ƙarasa gyaran ba tare da ya sani ba. Wanda ya ga bidiyo mai alƙawarin sirrin da ba a taɓa kuskure da shi ba, ya kamata ya tuna cewa mai bidiyon ma kallo yake nema, wani lokaci har da ciniki.

Ina farar za ta tsaya?

Jefa ƙwallo ɗaya ba ya cin wasa. Gwani shi ne wanda farar ke tsaya masa inda zai ji daɗin bugu na gaba, kuma ba ta bin ƙwallo cikin rami.

A nan ne aka fi cin moriyar bidiyoyin David Alciatore, wanda ya koyar da injiniyanci a Jami'ar Jihar Colorado, aka fi saninsa da Dr. Dave. Ya yaɗa ƙa'idoji biyu masu sauƙi. Ta farko: idan farar ta isa tana zamiya, ba ta gangarawa gaba ko baya, to ita da ƙwallon da ta daka za su rabu da digiri 90, kamar buɗin babban yatsa da manuniya. Ta biyu: idan farar ta isa tana gangarawa, ta daki tsakanin kwata da uku bisa huɗu, za ta kauce daga hanyarta da kusan digiri 30, kamar buɗin manuniya da yatsan tsakiya.

Lissafin ba sabo ba ne. Tun 1835 masanin Faransa Gaspard-Gustave Coriolis ya rubuta littafi a kan lissafin motsin waɗannan ƙwallaye. Ɗalibin kimiyya a Dutse da ya yi darasin karon abubuwa biyu a aji, shi ne dai yake gani a kan koren ƙyalle.

Teburin bidiyo da teburin rumfa

Teburin da ke cikin bidiyo shimfiɗarsa falalen dutse ne da aka goge, an daidaita shi da ma'auni, ƙyallensa sabo, ƙwallayensa na sheƙi. Da yawa daga teburan rumfa kuwa na katako ne, wasu kafintocin gida suka haɗa, an tokare ƙafa ɗaya da guntun kwali ko bulo. Ƙwallon da aka buga a hankali za ta bi gangare, ko da saitin ya yi daidai.

Sai ƙura. A lokacin hunturu, buji yana sauka a kan ƙyalle da ƙwallaye. Ƙwallo mai datti tana kama 'yar'uwarta idan sun haɗu, ta ɗan ja ta daga layin da aka auna. Ko a teburi mai kyau, wannan jan zai iya kaiwa kusan digiri 5 a bugu mai sanyi, wato kamar inci ɗaya a kowace ƙafa ɗaya ta tafiya. Idan rami na da nisan ƙafa 3, inci 3 kenan, ya isa a zubar da wasa. Da damina kuma danshi yana sa ƙyalle nauyi, ƙwallo ta rage gudu.

Girman farar ma abin dubawa ne. A saitin ƙwallayen Ingila, farar ta ɗan fi sauran ƙanƙanta, kusan milimita 48 a kan 51. Hakan na matso da gurbin fatalwa kusa, ya kuma sauya yadda farar ke komawa baya. Dabarar lissafin gefe, wadda ke amfani da alamomi 18 da ke jikin katakon teburi, ita ma tana buƙatar robar gefe mai rai. Idan robar ta bushe da zafin Jigawa, ƙwallo ba za ta dawo a kusurwar da bidiyo ya nuna ba.

In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Goge ƙwallaye da tsumma kafin wasa, ƙara wa bugu ɗan ƙarfi a teburi mai gangare, da gwada kowane gefe kafin a dogara da shi, duk gyare-gyare ne da mai koyo zai yi da kansa.

Hannu kafin ido

Masu koyarwa da dama sun yi ittifaƙi cewa yawancin kuskure daga hannu yake, ba daga lissafi ba. Idan sanda ta daki farar a ɗan dama da tsakiya, farar za ta ɗan kauce hagu, ta kuma tafi tana juyi. Mai wasa sai ya zargi dabarar, ya koma neman wani bidiyo.

Gwajin yana da sauƙi. A ajiye farar a tsakiyar teburi, a buga ta sak zuwa gefen can, a bar sandar a wurinta. Idan ta dawo ta taɓa bakin sanda, hannu ya miƙe. Wasu kan kwantar da kwalbar lemo a kan tebur a gida, su riƙa shigar da bakin sanda ciki ba tare da taɓa gefe ba. Wayar da ake kallo da ita ma za ta iya ɗaukar mai wasa ta baya, ya ga ko gwiwar hannunsa tana karkacewa.

Efren Reyes na Filifin, wanda ya ci kambun duniya a 1999, ya tashi ne yana yi wa kawunsa aiki a ɗakin wasa a Manila, har a kan teburi yakan kwana. Babu bidiyo a zamaninsa. Sa'o'in da ya yi da sanda a hannu ne suka koya wa idonsa kusurwa.

Data, Turanci da kuɗin wasa

Koyo ta waya ba kyauta ba ne. A watan Janairun 2025 hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa su ƙara farashi har zuwa kashi 50 cikin 100, kuma bidiyo ne ya fi cin data. Shi ya sa ya fi sauƙi mutum ɗaya ya sauke, saura su karɓa ta Xender.

Yawancin darussan da Turanci suke, da saurin bakin Amurka ko Ingila. Wanda bai kama maganar ba yakan rage saurin bidiyon zuwa rabi ya bi hannu da layukan da aka zana. Gani ya kori ji, amma a nan ne ake rasa sharuɗɗan, kamar cewa ƙa'idar digiri 90 tana aiki ne kawai idan farar ba ta gangarawa.

Ga kuma kuɗin teburi. A rumfa ana biya ne wasa-wasa, galibi wanda aka ci ya tashi. Mai son maimaita bugu ɗaya sau 50 ba zai samu wuri da yamma ba. Sai dai ya daidaita da mai teburin ya zo da hantsi, lokacin da babu layi.

Inda iyaye ke tsoro

Ƙorafin iyaye da malamai a kan sunuka ba a kan lissafi yake ba. Suna tsoron caca, da zaman banza, da wucewar lokacin sallah da na makaranta. Jigawa na cikin jihohin da suka ƙaddamar da shari'ar Musulunci a shekarar 2000, kuma haramcin caca a bayyane yake a cikin Suratul Ma'ida.

Bidiyo na iya ƙara wannan haɗari. Matashin da ya kalli darasi uku ya ji kamar ya riƙe sirri, shi ne mai saurin ajiye kuɗi a gefen teburi. Wanda zai kara da shi kuwa ya shekara yana wasa a wannan teburi, ya san ramin da ke haɗiya da wanda ke tofarwa. Kuɗin makaranta ko na cefane kan tafi a haka.

Mai teburi ne ke da wuƙa da nama a nan. Shi zai hana sa kuɗi, ya rufe idan an kira sallah, ya kori yaro mai kayan makaranta a lokacin aji. Shi ne kuma zai sayi burushi da alli mai kyau, ya nemo ma'aunin magina ya daidaita ƙafafun teburinsa. Rumfar da ta yi haka, matashin da ya zo da darasin bugun rabi a wayarsa zai ga ƙwallo ta karkace da digiri 30 kamar yadda aka nuna masa, mahaifinsa kuma zai iya wucewa ta wurin ba tare da ya kira shi gida ba.