Asali da Ma'anar Kalmomin Ingilishi Uku Game da Daskararriyar Ƙasa

1. Gabatarwa

Wannan taƙaitaccen nazari ya shafi kalmomi uku da masana ilimin ƙasa ke amfani da su cikin Ingilishi wajen bayanin ƙasar da sanyi ke daskarar da ita har ta kumbura. Mun zaɓe su ne domin kowace ta shigo harshen ta hanya dabam: gado, ƙirƙira da aro.

2. Gado: « frost heave »

Sassan biyu duka tsofaffi ne. « Frost » danginta ɗaya da « freeze », wato daskarewa. « Heave » kuwa ta fito daga « hebban » ta tsohon Ingilishi, ma'ana ɗagawa, kuma ƴar'uwa ce ga « heben » ta Jamusanci. An daɗe ana zaton ƙasa na ɗagawa ne kawai saboda ruwa yakan ƙara girma da wajen kashi 9 cikin 100 in ya zama ƙanƙara. A 1929 da 1930, Stephen Taber ya nuna cewa babban dalilin shi ne shimfiɗun ƙanƙara da ke zuƙo ruwa daga ƙasa suna ƙara kauri, suna tura abin da ke bisansu. Ke nan kalmar ta faɗi abin da ido ke gani, ba ta faɗi sanadinsa ba.

3. Ƙirƙira: « permafrost »

Siemon Muller, haifaffen Rasha da ya koyar a Jami'ar Stanford, shi ya yaɗa ta a 1943 ta hanyar gutsure « permanently frozen ground », fassarar « vechnaya merzlota » ta Rashanci, wato dauwamammen daskarewa. A 1946 Kirk Bryan ya kawo « pergelisol » daga Latin a madadinta. Ingilishi bai riƙe ta ba, amma Faransanci ya karɓe ta, ta zama « pergélisol ». A ma'anar kimiyya, ana nufin ƙasar da ta kai shekara 2 a jere ba ta haura digiri 0 ba. Dauwamar da sunan ke nunawa ba tabbas ba ce, tun da ɗumamar yanayi na narkar da wannan ƙasa a Sibiriya da Alaska.

4. Aro: « pingo »

Tudu ne mai dunƙulen ƙanƙara a cikinsa. Masanin tsirrai Alf Erling Porsild ya aro kalmar a 1938 daga harshen Inuvialuit na arewacin Kanada. A yankin Tuktoyaktuk akwai irin waɗannan tudun wajen 1,350, kuma tsayin Ibyuk ya kai kimanin mita 49.

5. Kammalawa

Asalin kalma ba ya isa ya bayyana ma'anarta ta kimiyya. Mai son ba waɗannan kalmomi suna da Hausa, in ya tsaya ga sassansu kaɗai, zai kwaso har da kurakuransu. Ya kamata ya fara daga ma'anar da masana suka tsayar, sannan ya zaɓi hanyar da ta dace cikin ukun nan.