Allurar mRNA: gyaran harafi ɗaya da ya kai ga kyautar Nobel

Tun da Chadi ta fara rigakafin korona a watan Yunin 2021, nake jin magana ɗaya a majalisun Hausawan N'Djamena: "Ai allurar nan canza halittar mutum take yi." Ina ganin gara mu san yadda abin yake kafin mu yanke hukunci.

A cikin ƙwayoyin jikinmu akwai DNA, wanda ke ajiye a tsakiyar ƙwaya kamar kundin da ba ya barin ɗaki. Idan jiki na buƙatar wani furotin, sai a kwafo umarnin a gajeriyar wasiƙa a fita da ita wurin aiki. Wasiƙar nan ita ce mRNA, kuma da haruffa huɗu ake rubuta ta: A, U, G da C.

Masana sun daɗe suna son rubuta irin wannan wasiƙa da kansu, amma garkuwar jiki kan ɗauke ta baƙuwa, ta tayar da kumburi, furotin ɗin da ake samu kuma bai taka kara ya karya ba. A 2005, Katalin Karikó, 'yar asalin Hangari, da Drew Weissman na Jami'ar Pennsylvania a Amurka suka nuna cewa idan aka yi wa haruffan ɗan gyaran sinadari, garkuwar kan sassauta. A 2008 suka nuna cewa gyaran harafin U yana ƙara yawan furotin. A kan wannan aka gina allurar Pfizer-BioNTech da ta Moderna, su biyun kuma suka karɓi kyautar Nobel a 2023.

To, ina saƙon yake zuwa? Masu bincike kan liƙa wa mRNA sinadari mai ƙyalli su bi sawunsa a cikin ƙwaya. A wajen ɗakin DNA yake aikinsa, daga baya jiki ya narkar da shi.

Ni a ganina, babbar matsalarmu ita ce ajiya da samarwa. Da farko, allurar Pfizer sai an ajiye ta a sanyin da ya kai digiri 70 ƙasa da sifili. Ka kwatanta da garin da zafinsa ke wuce digiri 40 a watan Afrilu, ga ɗaukewar lantarki. A Fabrairun 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta zaɓi Najeriya, Senegal, Masar, Kenya, Tunisiya da Afirka ta Kudu don koya musu fasahar. Babu Chadi a ciki.

Abin da ya fi damuna shi ne jita-jitar ta shafi rigakafin yara. A Oktoban 2024 Chadi ta fara bai wa yara allurar zazzaɓin cizon sauro, wadda ba ta mRNA ba ce. Uwar da tsoro ya hana ta kai ɗanta, yaron ne zai ji jiki idan damina ta kama. Duk mai shakka ya je asibiti ya tambayi ma'aikacin lafiya, domin matambayi ba ya ɓata.