JIDDA, ƘOFAR MAKKA A BAKIN BAHAR MALIYA

Duk gidan da aka taɓa samun alhaji ko hajiya an san sunan Jidda. Amma in ka tambayi mai dawowa abin da ya gani a can, yawanci abu biyu zai faɗa maka: filin jirgi da kasuwar tsaraba. To, alhali birnin nan yana da abubuwan kallo masu koyar da darasi, musamman yadda mutanen da suka zauna cikin zafin rana, a wurin da ba kogi ba itatuwa, suka kuma yi hidimar baƙin Allah shekaru fiye da dubu.

INA JIDDA TAKE?

Jidda tana yammacin ƙasar Saudiyya, a gaɓar Bahar Maliya, watau tekun da ya raba Afirka da ƙasar Larabawa. Tsakaninta da Makka tafiyar kimanin kilomita 70 ce. Ita ce birni na biyu wajen girma a ƙasar, bayan Riyad. A ƙidayar 2022 mutanenta sun haura miliyan uku.

Garin rana ne ƙwarai. Ruwan sama kaɗan ne, shi ma sai wajen lokacin sanyi yake sauka. Zafinta ba irin namu na bazara ba ne mai bushewa. Iskar teku tana ɗauke da danshi, sai ka ga mutum yana zaune a inuwa gumi na karyo masa. Shi ya sa mutanen garin ba su cika fita yawo ba sai bayan la'asar.

YADDA TA ZAMA ƘOFAR MAKKA

Da farko jiragen ruwan da ke nufin Makka a wani wuri mai suna Shu'aiba suke tsayawa. A shekara ta 26 bayan Hijira, Halifa Usman ɗan Affan, Allah Ya yarda da shi, ya mayar da tashar zuwa Jidda. Tun daga ran nan ta zama masaukin farko na alhazan da ke zuwa ta ruwa daga Masar, da Indiya, da Jawa, da ƙasashen Afirka.

Kakanninmu ma ta nan suka bi. Kafin zuwan jirgin sama, maniyyaci daga ƙasar Hausa yakan kama hanyar gabas da ƙafa ko bisa dabba, ya ratsa Barno da Chadi da Sudan, yana tafe yana sana'a don neman guzuri. Wani sai ya shekara biyar, wani fiye, kafin ya kai Sawakin ko Fot Sudan, sa'an nan ya shiga jirgin ruwa ya ƙetare zuwa Jidda. Da yawa ba su dawo ba, zuriyarsu suna can har yau.

TSOHON GARI

Wurin da ya fi cancanta a fara gani shi ne tsohon gari, wanda Larabawa ke kira Al-Balad. A da yana kewaye da ganuwa mai ƙofofi, kamar dai birnin Kano ko Zariya. An ƙarfafa ganuwar ne a farkon ƙarni na 16, zamanin Sarkin Masar Ƙansuwa Al-Guri, don tsoron Turawan Fotugal. Kuma lalle sun zo a 1517 da jiragen yaƙi, amma ba su iya cin garin ba. A 1947 aka rushe ganuwar don gari ya faɗaɗa. Yanzu sai ƙofofin da aka sake ginawa, kamar Ƙofar Makka, wadda ta nan ayarin raƙuman alhazai ke fita.

Da ka shiga lungunan Al-Balad za ka ga gidaje dogaye, wani hawa uku, wani huɗu, wani ma fiye. A nan ne darasin yake. Me aka gina su da shi? Ba jar ƙasa irin tamu a bakin tekun nan, saboda haka sai magina suka juya ga abin da Allah Ya hore musu, watau dutsen murjani. Murjani wasu ƙananan halittu ne na cikin teku waɗanda ke gina wa kansu gida mai tauri. In sun daɗe suna taruwa sai su zama dutse. Shi ake sassaƙawa kamar bulo a yi gini, sa'an nan a shafe da farar ƙasa. Da yake dutsen ba shi da ƙarfi sosai, sai a riƙa shimfiɗa katako a cikin bango bayan kowane 'yan layuka, don ya raba nauyin ginin.

Abin da ya fi ɗaukar ido kuwa shi ne tagogin katako da suka turo waje daga jikin bango, an sassaƙa musu ƙananan ƙofofi kamar rariya. Sunan irin wannan taga roshan, jam'inta rawashin. Katakon daga Indiya da Jawa jiragen fatake ke kawo shi. Amfaninta uku ne. Na ɗaya, tana tare rana amma iska na shiga. Na biyu, matan gida suna iya ganin titi, na waje kuwa ba ya ganinsu. Na uku, akan ajiye tulun ruwa a jikinta, iska na bugunsa yana sanyi, kamar yadda randa ke yi a gidajenmu. Haka nan lungunan an yi su matsattsu ne da gangan, don dogayen gidajen su yi wa mai tafiya inuwa. Kun ga ke nan sun yi maganin zafi tun ba a san lantarki ba.

Mafi shahara a cikin gidajen shi ne Gidan Nasif, wanda aka gama ginawa a 1881. A nan Sarki Abdul'aziz ya sauka lokacin da ya shiga Jidda a 1925. An ce matakalarsa saboda faɗinta har raƙumi na iya hawa da kaya. A ƙofar gidan akwai wata tsohuwar bishiyar darbejiya, watau dogon yaro, wadda ake cewa a wani zamani ita kaɗai ce bishiya a garin. Ku duba fa, itacen da muke wucewa a bakin makaranta ba mu ko kalle shi ba!

Kusa da nan akwai Masallacin Shafi'i, ɗaya daga cikin tsofaffin masallatan garin, da Kasuwar Alawi inda ake sayar da turare da dabino da kayan yaji. Akwai kuma wata maƙabarta da ake dangantawa da Nana Hawwa'u, har wasu na cewa daga kalmar jadda, watau kaka, sunan garin ya fito. Wannan zance ne na mutane, ba shi da tabbataccen dalili, kuma tun 1928 aka rushe ginin da ke kan wurin.

BAKIN TEKU

In rana ta yi sanyi sai a nufi bakin teku, inda aka shimfiɗa titi da wuraren hutawa na kimanin kilomita 30. Iyalai kan shimfiɗa darduma su sha shayi, yara na wasa. Daga nan ake hango Maɓuɓɓugar Sarki Fahad, wadda aka buɗe a 1985. Injuna ne ke zuƙo ruwan teku su harba shi sama fiye da mita 250, da dare kuma a haska shi da fitilu. Can arewa akwai Masallacin Rahama da aka gina bisa ginshiƙai a cikin ruwa; in teku ya cika sai ka ce yawo yake a kansa.

Wani zai ce, ga ruwa har ana wasa da shi, ina maganar ƙishi? To, ruwan Bahar Maliya ya fi na yawancin tekuna gishiri, domin rana na ƙafar da shi kuma babu wani babban kogi da ke zuba a cikinsa. Mutanen da sun sha wahalar ruwan sha, sai rijiyoyi da tafkunan tara ruwan sama. A farkon ƙarni na 20 aka kafa injin da ke dafa ruwan teku ya raba shi da gishiri, mutane suka sa masa suna Kindasa. Har yanzu yawancin ruwan da ake sha a Jidda daga teku ake tace shi, da kuɗi masu yawa. Wanda ya san haka ba zai bar famfo a buɗe ba in ya gama alwala.

ABIN DA YA KUSA SALWANTA

Da arzikin man fetur ya zo, masu gidajen Al-Balad suka ƙaura zuwa sababbin unguwanni. Gidan da ba mai kula da shi kuwa ba ya daɗewa: danshi ya ci bango, gobara ta cinye katako, wasu suka rushe. Sai daga baya aka farga. A 2014 hukumar UNESCO ta sa tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya, aka kuma duƙufa wajen gyara abin da ya saura. Amma wanda ya riga ya faɗi ya tafi ke nan. Mu ma muna da ganuwoyi da soraye na tubali da ke zaizayewa kowace damina, ya kamata mu yi tunani.

GA MAI NIYYAR ZUWA

Wanda Allah Ya kai shi, in ya sami sarari bayan ya kammala ibadarsa, ya nemi izinin jami'an da ke kula da su kafin ya fita, kada kuma ya tafi shi kaɗai. Tun 2018 akwai jirgin ƙasa mai sauri da ya haɗa Makka da Jidda da Madina. A fita da yamma, a riƙe ruwan sha, kada a shiga teku sai inda aka yarda, kada kuma a ɗauki hoton mutane ba da izininsu ba.

Ku kuma ɗalibai ga aikin gida. Ku sami wani dattijo a unguwarku da ya yi aikin Hajji tun da daɗewa, ku gaishe shi da ladabi, ku ce, "Baba Alhaji, yaya ka sami Jidda a zamaninku?" Ku rubuto abin da ya faɗa muku ku kawo wa malaminku. Allah Ya kai mu baki ɗaya, amin.