Hannun Da Yake Mutuwa Da Dare

'Yan'uwa manoma, idan kaka ta yi, aikin hannu yakan yi yawa: girbi, sussuka, ɓarar gyaɗa da daka. A lokacin nan ne mukan ji 'yan ƙungiyoyinmu na kewayen Wusasa, musamman mata, suna kukan hannu yana mutuwa da dare, sai sun tashi sun yarfa shi. Waɗansu sukan ce sanyi ne, waɗansu su ce sammu.

Ga abin da yake faruwa. A cikin wuyan hannu akwai wata ƙunƙuntar hanya. Jijiyar da take kai ji ga yatsu tana bi ta nan, tare da igiyoyi 9 masu lanƙwasa yatsu. Idan wurin ya kumbura, sai a matse jijiyar. Babban yatsa, da manuni, da na tsakiya, da rabin na huɗu su ne sukan mutu, ko su yi kamar ana tsira allura. Ƙaramin yatsa ba ruwansa. Juna biyu da ciwon sukari suna ƙara jawo shi.

Maganin farko ba tsada. Da dare a ɗaura wa wuyan hannu ɗan katako mai laushin shimfiɗa, kamar karan ɗori, don ya kwana a miƙe. Kada a ɗaure tamau. A yi haka mako 4 zuwa 6. Da rana a riƙa hutawa, a canja hannu, a naɗa tsumma a ƙotar fartanya ko lauje. Ƙungiya ta raba aiki, kada mutum ɗaya ya wuni a kan turmi. Na masu ciki yakan tafi bayan haihuwa.

In bai yi sauƙi ba, ko naman gindin babban yatsa ya fara shanyewa, a ga likita a Asibitin St Luke na Wusasa ko Asibitin Koyarwa na Shika. Akwai allura, akwai kuma ƙaramin aiki na buɗe hanyar. Jinkiri yakan sa ƙarfin yatsa ya tafi, ba ya dawowa duka.

Abu ɗaya kuma: in akwai tabo mai haske a fata wanda ba ya jin taɓi, a je Saye a duba kuturta. Maganinta kyauta ne, tana kuwa warkewa.

Da hannun nan za mu shiga gona baɗi. Mu kula da shi tun yanzu.