Sana'ar Ɗaukar Hoto a Kudancin Kano: Abin da Ya Kamata Jama'a da Hukumomi Su Sani

Duk wanda ya halarci ɗaurin aure a Bebeji, ko wasan ƙwallon ƙafa a Kiru, ko hawan sallar hakimi a Tudun Wada, ba zai rasa ganin wani bawan Allah rataye da kyamara a wuya, yana kutsawa cikin jama'a yana neman wurin tsayawa ba. Shi ne mai hoto. Ba a cika sa shi cikin jerin masu sana'a kamar maƙera da maɗinka da mahauta ba, amma da wuya a sami gida a wannan yanki da babu aikin hannunsa a jikin bango ko a ƙasan akwati. An shirya wannan bayani ne domin jama'ar ƙananan hukumomin Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, da kuma jami'an da ke hulɗa da masu wannan sana'a, su fahimci yadda take tafiya a yau, da haƙƙin da ke kan kowane ɓangare.

A da, lokacin da ake aiki da fim, mai hoto yana lissafin kowane ɗauka, domin fim guda hoto 36 yake ci, wani ma 24. Ba ya ganin abin da ya ɗauka sai an wanke. Idan ya gama aikin biki sai ya haɗa fina-finansa ya hau mota zuwa birnin Kano, wasu kuma Zariya ta fi musu sauƙi, ya kai wurin wanki, ya jira, sannan ya dawo ya bi gida-gida yana rabawa yana karɓar kuɗinsa. Ga mai hoton da ke Riruwai, hedikwatar Doguwa, wadda take can ƙarshen jihar a kan iyaka da Kaduna da Bauchi, wannan tafiya ce ta yini guda, kuma dole ya ratsa dajin Falgore zuwa da dawowa. Idan aka yi rashin sa'a haske ya shiga fim ɗin, to bikin nan ya wuce ke nan, babu yadda za a yi a sake ɗaura auren domin a sake hoto.

Abubuwa biyu ne suka sauya wannan tsari. Na farko shi ne kyamarar zamani mai aiki da memori, wadda ta kori fim har kamfanin Kodak da kansa ya nemi kariyar kotu saboda karayar arziki a 2012. Na biyu, wanda ya fi na farkon tasiri a karkara, shi ne wayar hannu. Tun da aka fara amfani da tsarin GSM a Nijeriya a 2001 take ta yaɗuwa, har ta kai yau kusan kowane taro akwai kyamara a aljihun matasan da ke wurin. Bugu da ƙari, hoton fasfo, wanda shi ne ke riƙe da shagon mai hoto a ranakun da babu biki, ya ragu ƙwarai. Rajistar masu zaɓe, da lambar zama ɗan ƙasa, da lambar banki ta BVN da aka ƙaddamar a 2014, duk a wurin rajistar ake ɗaukar fuskar mutum da na'ura. Abin da ya saura shi ne fasfon makarantu, da na takardun neman aiki, da na ƙungiyoyin manoma.

To, me ya rage wa mai hoto? A ganinmu abu biyu ne waɗanda waya ba ta bayarwa: sanin aiki da riƙon amana. Wanda ya rasa ɗaya daga cikinsu ba zai daɗe a sana'ar ba.

Aikin biki

Sana'ar tana bin yanayin noma ne. Da damina kasuwa takan mutu, kowa yana gona, kuɗi kuma sun tafi wurin taki. Da zarar an yi girbin masara da shinkafa da dawa sai bukukuwa su tashi, su ƙara yawa a watan Sha'aban kafin a kama azumi, sannan a sake wani zagaye bayan sallah. Mai hoto mai tunani yakan ware wani abu daga cinikin kaka domin ya ci da damina, da yawansu kuma manoma ne da kansu. Garuruwan da ke kusa da madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, sun ɗan bambanta, domin noman rani da kamun kifi suna sa kuɗi su riƙa zagayawa har a tsakiyar rani.

Bikin Bahaushe ba taro ɗaya ba ne. Akwai kamu, da sa lalle, da yinin biki, da ɗaurin aure, da kai amarya, da buɗar kai, wasu kuma su ƙara da walima. Daga cikin waɗannan, ɗaurin aure ne kawai yake a fili, a ƙofar gida ko a masallaci, kuma shi ne mafi gaggawa: minti kaɗan ne tsakanin neman aure da bayarwa da shafa fatiha. Mai hoton da bai san waliyyin amarya da wakilin ango ba kafin a zauna, zai ƙare da hoton ƙeyar jama'a. Wata matsalar kuma ta farin kaya ce. Idan taro ya cika da fararen riguna a tsakiyar rana, kyamara takan rage haske da kanta, fuskoki su fito da duhu, hula kuma ta jefa inuwa a kan idanu. Gwanaye sukan jira a tashi, su ja ango da abokansa zuwa inuwar bishiya ko ta zaure, ko su bari sai bayan la'asar da rana ta yi sanyi.

Sauran shagulgulan na mata ne, a cikin gida. A nan ne maganar amana ta fi nauyi. Gidaje da yawa ba sa yarda namiji baƙo ya shiga tsakar gida, kuma suna da gaskiyarsu. Waɗanda suka yarda sun yi haka ne bisa sanin mutumin da sanin iyayensa. Hoton da aka ɗauka a wurin kamu, mata sun saki jiki ba mayafi, idan ya fita daga hannun mai hoto ya shiga WhatsApp ko Facebook, babu mai iya dawo da shi, kuma irin wannan yana iya jawo rikicin da zai kai gaban mai unguwa, ko hukumar Hisbah, ko ma alƙali. Galibi ba mai shagon ne yake fitarwa ba. Yaran shago ne, ko abokin da ya zo zaman hira ya ga kwamfuta a buɗe, ko wurin da aka kai memori domin bugawa. Saboda haka wajibi ne mai hoto ya sa wa kwamfutarsa lambar sirri, kada ya bar memori a wurin bugawa ya tafi, kada kuma ya manna hoton matar wani a ƙofar shago da sunan talla. Wannan fage ne da ya kamata 'yan mata da matan aure su shiga. Macen da ta koyi ɗaukar hoto tana da kasuwar da namiji ba zai taɓa samu ba, kuma cibiyoyin koyar da sana'o'i na mata za su iya sa wannan cikin darussansu kusa da ɗinki da saƙa.

Abin da doka ta ce

Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta ɗauki hoto a matsayin aikin fasaha, ta kuma ba shi kariya ta shekara 50. A ƙa'ida wanda ya ɗauka shi ne mai haƙƙin. Sai dai kuma dokar ta yi tanadi na musamman ga hoton da mutum ya sa aka ɗauka domin amfanin kansa da iyalinsa, irin na biki da suna: matuƙar ba a yi wata yarjejeniya dabam ba, wanda ya ba da aikin yana da damar amfani da hoton ta hanyar da ba ta kasuwanci ba, kuma yana da ikon hana a wallafa shi ko a baje shi ga jama'a. Ma'ana, ango ba zai sayar wa wani kamfani hoton ba tare da sanin mai hoto ba, shi ma mai hoto ba zai sa amarya a shafinsa ba tare da izinin masu biki ba. Aikin da aka yi wa gwamnati ko wata hukumarta bisa kwangila kuwa, haƙƙinsa na gwamnatin ne, sai in an rubuta akasin haka. Har ila yau, Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta shafi hoton da za a iya gane mutum a cikinsa, kuma ta fi tsanantawa a kan na ƙananan yara. Masu sha'awar ɗaukar taro daga sama da jirgi maras matuƙi su sani cewa wannan yana buƙatar izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro.

Yawancin rigimar da ke tasowa tsakanin mai hoto da mai biki ta kuɗi ce, kuma takarda guda tana maganinta. A rubuta taro nawa za a ɗauka, hoto nawa za a buga da girmansu, ko akwai albam da firam, nawa ne kuɗin kafin alƙalami, da ranar da za a kawo aiki. Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota da na janareta da na takardar bugawa suka tashi, don haka cinikin baki da aka yi wata biyu kafin biki ya kan zama abin musu.

Filin wasa da dandali

Wasanni su ne suka fi wahalar ɗauka, kuma su ne suka fi ƙarancin riba. Ana buga ƙwallo a filin firamare bayan la'asar, dambe da kokawa kuma sukan kai gab da magariba, wato daidai lokacin da haske ke ja da baya alhali ana buƙatar kyamara ta yi sauri. Ɗan wasan da ke gudu ba ya tsayuwa sosai a hoto sai saurin ɗauka ya kai kashi ɗaya cikin 500 na daƙiƙa ko fiye. A dambe, naushin da ke kawo kisa ƙiftawar ido ne, kuma wanda ya san wasan ya kan lura da kiɗan kalangu da takun ƙafar ɗan dambe ya shirya tun kafin a kai hannu. Ga ƙura kuma, wadda ita ce babbar abokiyar gabar kyamara a lokacin hunturu. Sauya gilashin kyamara a tsakiyar fili ganganci ne. Kuɗin da ake samu ba daga hoton wasan yake fitowa ba, daga hoton ƙungiya ne kafin a take ƙwallo, da na ɗaiɗaikun 'yan wasa da ke son a buga musu. A wurin sharo, da Fulanin yankin ke yi, ladabi shi ne a nemi izinin ardo ko shugabannin samari tukuna. Haka ma saukar Alƙur'ani da musabaƙa da Maulidi, a ji ta bakin malamin da ke da taron.

Ajiyar tarihi

Akwai wani ɓangare na wannan sana'a da masu ita kansu ba su cika lura da shi ba. A birnin Bamako na ƙasar Mali an yi wani mai hoto, Malick Sidibé, wanda aikinsa shi ne bin bukukuwa da tarukan matasa, kamar dai na garuruwanmu. Bambancinsa shi ne bai zubar da fina-finansa ba, ya adana su cikin kwalaye bisa tsari. A 2007 aka ba shi babbar lambar yabo ta baje kolin fasaha na Venice a Italiya, kuma har ya rasu a 2016 masu son sanin yadda Bamako take bayan samun 'yancin kai wurinsa suke komawa. Haka Seydou Keïta, wanda ya buɗe shagonsa a wannan birni a 1948. A nan gida, hotunan da S. O. Alonge ya ɗauka a fadar Benin suna ajiye a cibiyar Smithsonian ta Amurka.

Kudancin Kano ba shi da ƙarancin abin ajiyewa. Yadda kasuwannin Kwanar Ɗangora da Kafin Maiyaki suka bunƙasa, da ragowar wuraren haƙar kuza a Riruwai, da yadda otal ɗin Bagauda ya koma reshen makarantar horar da lauyoyi ta ƙasa, da fuskokin dagatai da limamai da shugabannin makarantu da suka riga mu gidan gaskiya, duk wani ya ɗauka a lokacinsa. Tambayar ita ce ina suke. Marubucin wannan bayani ya taɓa neman hoton buɗe wani ƙaramin asibiti domin haɗa rahoto a wani ofishi da ya yi aiki. Babu shi a fayil. Da aka bi sawun wanda ya ɗauka sai aka tarar ya rasu, magadansa kuma sun ce buhun fina-finan ya sha ruwa da damina, gara ta ƙarasa sauran. Zamanin memori bai gyara wannan ba, ya ma ƙara ɓata shi, domin da yawa sukan goge aikin makon jiya su sami wurin na wannan mako.

Saboda haka ana kira ga jami'an yaɗa labarai na ƙananan hukumomi, da sakatarorin hakimai, da shugabannin makarantu, idan suka ɗauki mai hoto aiki, ko na rabon taki ne, ko na allurar rigakafi, ko na naɗin sarauta, su biya shi a kan lokaci, su karɓi cikakken hoton a memori ba wanda aka turo ta WhatsApp ba, domin turawa tana rage ingancinsa, sannan su ajiye shi a wuri biyu dabam-dabam. Idan an yi amfani da shi a kalanda ko a rahoto a rubuta sunan wanda ya ɗauka. Su kuma masu hoto, musamman dattawan cikinsu da ke da tsofaffin fina-finai, su raba su da laima da zafin rufin kwano, su tuntuɓi Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano ko gidan tarihi na Gidan Makama kafin su yanke shawarar zubarwa. Ga iyalai kuwa, duk hoton da ke cikin akwati a juya bayansa a rubuta sunayen waɗanda ke ciki, da garin, da shekarar, tun masu iya gane su suna raye. A yi rubutun da fensir mai laushi, domin tawadar biro takan ratsa takarda ta ɓata fuskar da ke gaba.