Goge Madannan Kwamfuta Ba Tare da Ɓarna Ba

Akawun da ya yi aiki da tafireta a zamanin da bai san wannan matsala ba. In haruffa suka cushe da tawada, sai ya ɗauki ɗan buroshi ya goge, ko da hannunsa ya danna wani harafi, iyakacinta ƙarfen ya tashi ya bugi wurin da babu takarda. Kwamfutar tafi-da-gidanka kuwa ba ta rarrabe yatsan mai rubutu da tsumman mai shara, duk abin da ya taɓa maɓalli umurni ne a wurinta. Saboda haka mutum yakan gama goge ƙura, ya ɗaga kai ya tarar rabin wasiƙar da ya yini yana rubutawa ya ɓace, ko kuwa an aika da ita tun ba a kammala ba.

Barin ƙurar kuma ba dabara ba ce, balle ga wanda ke zaune a Njamena, ko Hartum, ko Jidda, inda iska ba ta rabuwa da rairayi. A shekarar 2015 kamfanin Apple ya fito da wani irin madannai sirara ƙwarai, waɗanda ɗan tsaki ƙanƙane ya isa ya hana harafi fita, ko ya sa ya fito sau biyu. Kuka ya yi yawa, har a 2018 kamfanin ya fara gyara su kyauta, ya daina yin su a 2020, sannan a 2022 ya yarda zai biya dala miliyan 50 don a kashe ƙarar da masu saye suka kai a Amurka. Sauran madannai sun fi waɗannan haƙuri, amma su ma ƙura tana cin su a hankali.

Hanya mafi sauƙi ita ce a adana aikin da ake yi, a kashe na'urar ƙurmus, a zare wayar caji. Rufe murfi kawai bai wadatar ba, domin barci take yi, taɓi ɗaya zai tashe ta. Sai dai a nan akwai abin da mutane da yawa ba su sani ba: kwamfutocin MacBook da aka ƙera daga 2018 zuwa yau suna kunna kansu da zarar an danna kowane maɓalli, ko da a kashe suke. Mai gogewa yakan firgita, ya zaci ya ɓata wani abu, alhali kuwa haka aka yi su. Muddin an sa kalmar sirri, na'urar za ta tsaya a bakin ƙofa ne tana jira, haruffan da tsumma ya danna su taru a gurbin kalmar, a share su daga baya. Maɓallin Enter kaɗai za a bi a hankali, don in aka yawaita shigar da kalmar da ba ita ba, wasu na'urori sukan sa a jira kafin a sake gwadawa.

Wanda ba shi da halin kashewa, watakila don yana sauke wani babban aiki daga intanet, sai ya kulle fuskar. A Windows ana haɗa maɓallin mai alamar taga da harafin L, a Mac kuwa Control da Command da Q. Akwai kuma wata 'yar manhaja ta kyauta mai suna KeyboardCleanTool da ke toshe madannan Mac har a gama. Masu Windows su lura da Shift: danna shi sau 5 a jere yana tayar da wani tsari da aka yi domin masu lalurar hannu, in an amsa masa da kuskure madannai su rikice, mutum ya ɗauki na'ura lafiyayya ya kai wa mai gyara.

Farantin da ake jan yatsa a kansa ya fi wuyar sha'ani, domin ba nauyin yatsa yake ji ba, canjin lantarki yake ji. Jiƙaƙƙen tsumma, ko ɗigon ruwa guda, yana iya zama yatsa a wurinsa, kibiya ta kama yawo, ta ja takarda daga wannan jaka ta jefa a waccan ba wanda ya gani. Yawancin kwamfutocin Windows suna da wurin kashe shi a cikin saituna.

Ita kanta gogewar ba ta da yawa. A karkata na'urar, kamfanin Apple ya ce kamar digiri 75, a fesa iskar gwangwani tsakanin maɓallai daga hagu zuwa dama. Hurawa da baki ba ta da kyau, don numfashi yana ɗauke da laima. Sannan a ɗauki tsumma mai laushi irin na goge tabarau, a ɗan jiƙa shi da sinadarin isopropyl mai ƙarfin kashi 70 cikin 100, a matse sosai. A jikin tsumma ake zubawa, ba a kan madannai ba, gama a kwamfutoci da yawa kayan lantarkin suna kwance ne a ƙarƙashinsu, ruwa kaɗan ya isa ya ƙone su. Fetur da kananzir da bilic suna cin roba, suna kankare haruffa. Bayan an gama, a bar murfin a buɗe na 'yan mintoci har laimar ta bushe, sannan a kunna.