Idan Dattijo Ya Kasa Sa Hannu A Amurka

A Amurka, zama ɗan mutum bai isa ka taɓa asusun bankinsa ba. Idan shanyewar ɓarin jiki ko ciwon mantuwa ya hana dattijo gane takardar da ke gabansa, banki da hukuma hujja a rubuce suke nema. In bai bar takardar wakilci ba tun yana cikin hayyacinsa, sai iyali su garzaya kotu, likita ya ba da shaida, alƙali ya naɗa majiɓinci. Abin ba wasa ba ne, domin yana ƙwace wa mutum 'yancinsa. Mawaƙiya Britney Spears ta zauna ƙarƙashin irin wannan iko daga 2008 zuwa 2021.

Ɗaya daga cikin manyan ayyukan majiɓinci shi ne neman kuɗin jinya. Medicare, inshorar tsofaffi, ba ya wuce kwana 100 a gidan jinya. Dogon zama sai Medicaid, shirin masu ƙaramin ƙarfi da aka kafa a 1965, wanda a yawancin jihohi ba ya karɓar mai tsabar dukiyar da ta haura dala 2,000.

Nan ne wasu ke yin wayon da ke cin su: a yi maza a raba wa 'ya'ya kuɗin. Ai hukuma na bin diddigin kyautar da aka yi cikin wata 60 da suka gabata, ta jinkirta tallafin gwargwadon abin da aka bayar. Gidan da matar majinyaci ke ciki dai ba a lissafa shi.

Mai iyaye a can ya sa su rubuta takardar wakilci tun suna gane kowa.